Kada Ku Baro Shomolu Sai Da Asalin Zanenku

Daga Wakilinmu, Ikko

Kwanakin baya sakataren wata ƙungiya ta 'yan Arewa mazauna Agege ya gayyace ni wajen taronsu na shekara. Da na isa na tarar an rataya wani babban ƙyalle a ƙofar zauren, amma tambarin ƙungiyar da ke tsakiyarsa ya yi dishi-dishi, ko sunan ba ya karantuwa sosai. Dattawa suna ta faɗa, wai mai ɗab'i ya cuce su. Ni kuwa da na bi diddigi sai na ga ba laifinsa ba ne. Abin da aka kai masa shi ya buga.

Ga yadda abin ya faru. Shekaru biyu da suka wuce sun sa an zana musu tambarin a Shomolu, inda masu buga takardu suka yi sansani. Mai zanen ya turo wa sakatare hotonsa ta WhatsApp, kowa ya gani ya yaba, aka biya shi. Ba wanda ya nemi asalin zanen. Yanzu ko shagon ba a san inda ya koma ba.

To, jama'a, hoto a kwamfuta iri biyu ne. Na farko zanen layi, wanda ma'aikatan ke kira bekta. A cikinsa ba a ajiye komai sai umurni: ja layi daga nan zuwa can, lanƙwasa shi haka, cika da kore. Ko a katin aljihu ko a bangon bene, kwamfuta za ta sake lissafi ta zana shi tsaf. Yawancin masu ɗab'in ƙasar nan da CorelDRAW suke wannan aiki, manhajar da wani kamfanin Kanada ya fitar a 1989, fayil ɗinta kuwa CDR ake ce masa.

Na biyu hoton ɗigo, irin wanda waya ke ɗauka. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai ɗinkin hula zai gane shi. Mai zane ya ja layukansa a kan farin yadi, mai ɗinki ya bi ya cike da allura, tsaga bayan tsaga. In an gama an gama. Wanda kansa ya fi hular girma ba ja zai yi ta buɗe ba, sai a koma ga zane a ɗinka wata.

Hoton da sakatare ya riƙe faɗinsa ɗigo 500 ne. Aka shimfiɗa shi a wuri mai faɗin mita 2, watau kowane ɗigo ya zama milimita 4, kusan ƙwayar dawa. Ina kyau zai fito?

Amma fa ba a raba mu da hoton ɗigo, domin wayar talaka ba ta buɗe CDR. Akwai kuma wata fa'ida da ta shafe mu musamman: in an juya zane ya zama hoto, haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, sun zauna daram ke nan, ba za su rikiɗe a wata na'urar ba. Sai dai a san yadda za a juya.

Da farko a faɗa wa mai zane inda za a yi amfani da shi. Na waya, faɗin ɗigo 1,000 ya wadatar. Na bugawa a takarda ana son ɗigo 300 a kowane inci, saboda haka katin gayyata mai inci 5 da 7 yana bukatar ɗigo 1,500 da 2,100.

Sai maganar nauyi, wadda ita ke cinye mana data. Hoto mai ɗigo 1,000 tsawo da faɗi ɗigo miliyan ɗaya ne, kowanne bait 3, jimla megabait 3 in ba a matse shi ba. Hanyar JPEG, wadda aka tsayar a 1992, tana matsewa ta hanyar zubar da abin da ido bai cika lura da shi ba. Ga hoton fuskar shugaban ƙungiya ba ta da na biyu, amma gefen rubutu takan bar masa dauɗa, kuma duk sa'ad da aka gyara aka sake ajiyewa sai ya ƙara lalacewa. PNG kuwa, ta 1996, ba ta zubar da komai, tana kuma barin bayan tambari wayam yadda za a iya ɗora shi a kan kowane launi. Tambari mai launi uku ko huɗu, in aka rage launukan PNG ɗinsa zuwa 256 ko ƙasa, yakan yi sauƙi ƙwarai. A ganina shi ne ya dace da tambari da rubutu.

Abu na ƙarshe, WhatsApp takan ƙara matse hoto in an tura shi a matsayin hoto. Wanda za a kai maɗaba'a a tura shi a matsayin takarda.

'Yan ƙungiyar dai sun sake biya an zana musu tambarin daga farko. Wannan karo sakatare ya karɓi CDR, ya haɗa da PDF saboda sabon CorelDRAW yakan ajiye abin da tsohon ba zai buɗe ba. Filashin yana hannun ma'aji, an kuma aika kwafi ɗaya gida Kano.