Ina Mai Son Barin Giya Zai Samu Abokan Tafiya?

Duk wanda ya taso a Dogon Daji kamar ni ya san ba garin da ake ɓoye abu ba ne. Ka shiga kemis da safe, kafin azahar an tambayi gyatumarka ko lafiya. A irin wannan gari, ga kuma dokar shari'a da jiharmu ta Sakkwato ta ɗauka tun 2000, wanda giya ta kama ba ya neman taimako a fili. Shi kaɗai yake sha, shi kaɗai yake rantsuwar ya bari, bayan kwana huɗu ya koma. A nan makaranta ma akwai irinsu, mu daina yi kamar ba mu sani ba.

Abin da irin wannan mutum ya fi rasawa shi ne wanda zai faɗa wa gaskiya ba tare da an yi masa wa'azi ko an kai shi gaba ba. Don haka aka ƙirƙiro zaman 'yan'uwa masu matsala iri ɗaya. Mafi shahara ita ce Alcoholics Anonymous, AA a taƙaice, wadda Bill Wilson da Dakta Bob Smith suka fara a 1935 a garin Akron na Amurka, dukansu biyu mashaya ne da suka ga cewa in suna magana da juna sun fi iya daurewa. Ba a biyan kuɗi, ba a cike fom, sunanka na farko kawai za ka faɗa, in ka ga dama ma ka yi shiru ka saurara. Sharaɗin shiga ɗaya ne: kana son barin sha. Abin da aka faɗa a zaman, a nan yake tsayawa. Yawanci sabon shiga yakan samu wani da ya daɗe da bari, wanda zai iya kira ko da tsakar dare in sha'awar ta taso. A ganina wannan ne ƙashin bayan abin, domin sha'awar giya ba ta jiran ranar taro.

Wani zai ce ai wannan tsarin Nasara ne. Musulmi a birnin Baltimore sun yi irin wannan tunanin, sai suka kafa tasu a 1989 mai suna Millati Islami, matakan nan goma sha biyu na AA suka gina a kan koyarwar addini.

To, ina za a samu? Kada ka tsaya neman allo a bakin titin Sakkwato zuwa Jega, irin wannan zama ba a yi masa shela. Ta ƙofar asibiti ake bi. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware yana kula da masu shaye-shaye, haka sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Na san sunan Kware kaɗai yana tsorata mutane, amma zuwa can ba shaidar hauka ba ce. Ka tambayi likita ko ma'aikacin jinya kai tsaye ko akwai zaman rukuni na waɗanda suka bari. Hukumar NDLEA ma, ban da kame, tana da sashen ba da shawara, kuma tun 2022 tana da layin kira kyauta, 0800 1020 3040. Wanda yake gida hutu a Dogon Daji ko Kebbe, wayarsa ta ishe shi: AA tana da tarurruka ta intanet dare da rana, ka kashe kyamara, ba mai ganin fuskarka. Matsalar dai yawancinsu da Turanci ake yi, ga cin data.

Abu biyu nake so a kiyaye. Wanda ya daɗe yana sha kullum, kada ya yanke rana ɗaya shi kaɗai a ɗaki. Cikin awa 6 zuwa 24 jiki yakan fara rawa da zufa, wani ya faɗi kamar mai farfaɗiya, a kwana na biyu ko na uku ya rikice yana gane-gane, kuma wannan yana kisa. Ya fara ganin likita tukuna, ko a babban asibitin Tambuwal ne. Na biyu, iyaye su guji gidan mari. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna da kuma Daura a 2019, mutane ɗaure da sarƙa da sunan gyaran hali.

In ku biyu ne ko uku a makarantar nan da kuka san halin juna, a tsarin AA kun isa zama rukuni. Ku sa rana ɗaya a mako, ku sami wuri nesa da hayaniyar hostel, ku ajiye waya, kowa ya yi magana a kan kansa ba a kan wani ba. Mai ba ɗalibai shawara ko ma'aikacin kilinik zai iya sama muku ɗaki, kuma ba sai ya san sunan kowa ba.