Minti biyu a kan ruwa, watanni a gareji: yadda ake haɗa babur ɗin ruwa na ƴan alkafura

A duk watan Oktoba, garin Lake Havasu City da ke jihar Arizona a Amurka kan cika da motoci janye da baburan ruwa. Tun shekarar 1982 ƙungiyar IJSBA ke gudanar da gasarta ta duniya a bakin tafkin garin, kuma cikin wasannin da suka fi tara ƴan kallo akwai na nuna gwaninta. Minti biyu ake ba kowane ɗan wasa. Zai shiga ruwan da ke kwance luf, ya yi kwana don ya tada igiyar ruwa da kansa, ya dawo ya hau ta, ya tashi sama da babur ɗin, ya yi alkafura ta baya, ya sauka a tsaye. Gwanaye sukan jera alkafura da dama ba tare da sun dakata ba, wasu har su saki hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya suna sama, alƙalai na bakin ruwa suna rubuta maki.

Baburan da ake wannan wasa da su a babban mataki ba haka suka fito daga masana'antar Yamaha ko Kawasaki ba. Haɗa su ake yi ɗaya bayan ɗaya: gangar jiki daga wani ƙaramin kamfani, inji daga wani, famfo daga na uku, sauran aikin kuma a garejin mai abin. Kuskure kaɗan a haɗin na iya cinye kuɗin da mutum ya shekara yana tarawa, wani lokaci ma ya taɓa lafiyarsa.

Daga tseren hamada zuwa ruwa

Wani Ba'amurke mai suna Clayton Jacobson II ne ya ƙirƙiro babur ɗin ruwa na tsaye. Mai tseren babur ne a hamada, ya gaji da faɗuwa a kan ƙasa mai tauri, ya nemi yadda zai samu irin wannan nishaɗi a wurin da faɗuwa ba ta kuje fata. A tsakiyar shekarun 1960 ya ƙera samfurin farko da gorar ruwa, daga baya ya koma amfani da zaren gilashi. Kamfanin Kawasaki na Japan ya karɓi fasahar, ya fito da ita kasuwa a 1973 da sunan Jet Ski, sunan da a yau mutane ke kiran kowane babur na ruwa da shi. Ba shi da wurin zama. Mai tuƙi yana tsayawa ne a wani ɗan faranti a baya, yana riƙe da sitiyari da ke kan doguwar sanda mai ɗagawa sama da sauka.

A 1990 Yamaha ya fito da nasa mai suna SuperJet. A 1994 aka ƙara girman injinsa zuwa cc 701, silinda biyu. Wannan inji ne ya zama tushen kusan dukkan wasan gwaninta na yau, domin yawancin kayan da ƙananan kamfanoni ke ƙerawa a kan ma'auninsa suke auna su. Ƴan wasa sun fara da yanke gangar jikin SuperJet suna gajarta ta. Daga baya tsofaffin zakaru irin su Eric Malone na Amurka da Rick Roy na Kanada suka shiga ƙera gangar jiki ta musamman suna sayarwa, haka ma kamfanin Krash Industries a Ostareliya.

Nauyi ne abokin gaba na farko

Duk mai haɗa babur na gwaninta da ma'auni yake farawa. SuperJet mai tsohon inji na shekarun baya-bayan nan yana da nauyin kilo 139 ba mai a ciki. A kan teku, inda manyan igiyoyi ke ɗaga mutum, wannan nauyi ba matsala ba ne. A kan tafki kuwa, ƴar igiyar da ɗan wasa ya tada ba ta kai gwiwa ba, ƙarfin inji ne kaɗai zai cilla babur da mutum sama. Kowane kilo da aka rage yana ƙara tsawon tsalle.

Shi ya sa ake yin gangar jikin da zaren kabon ko zaren gilashi. Ana shimfiɗa ƙyallen zaren hawa-hawa a cikin mazubi, a jiƙa shi da gam ɗin epoksi, a rufe da leda a zuƙe iskar ciki, don a matse rarar gam ɗin. Kabon ya fi rashin nauyi da tauri, amma ya fi tsada, kuma idan ya karye gyaransa sai gwani. Zaren gilashi ya fi nauyi, sai dai yana da araha da sauƙin faci, shi ya sa masu farawa suka fi zaɓarsa. Wanda ya zaɓi gyara tsohuwar gangar SuperJet shi ma yana da abin lura: ƙasanta an yi shi da wani haɗi da gam ɗin foliyesta na yau da kullum ba ya kamawa sosai. Facin da aka yi da shi yana iya ɓarewa a saukar farko mai ƙarfi, don haka epoksi ake sawa.

Ana kuma gajarta jikin. Gajeren babur ya fi saurin juyawa a sama, amma a kan ruwa ba ya zama daram, kansa na yawan tsalle, kuma ba ya gudu kamar na tsere. Masu wasan sun amince da wannan ciniki, tunda ba gudu ake ba maki ba. A gefen farantin tsayawa ana fafe ramuka biyu da ake cusa ƙafa. Su ne ke riƙe mutum lokacin da kansa ke ƙasa, babur ɗin na sama. Duk wani gurbi da ya rage a cikin jikin ana cika shi da soso marar shan ruwa, don ko inji ya cika da ruwa babur ɗin ba zai nutse ba.

Inji mai bugu biyu

Injin da ake sawa mai bugu biyu ne, irin wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai, ɗan'uwan injin da ake ɗaurawa a bayan jiragen ruwa na katako a kogin Isa a Yamai. Yana ba da ƙarfi a kowane juyi ɗaya, ba shi da nauyi, kuma ba shi da kaskon baƙin mai a ƙasa, don haka kifewa ba ta hana shi aiki. Na SuperJet yana ba da ƙarfin doki kusan 73. Masu haɗawa sukan faɗaɗa silinda, su tsawaita tafiyar fistan, har girman ya kai cc 1000 ko 1200. Kamfanoni irin su DASA a Amurka suna sayar da irin waɗannan injuna a shirye.

Abin da ake nema shi ne inji ya amsa nan take da an taɓa totur. Tsakanin hango igiya da hawanta bai fi ƙiftawar ido ba. Don haka ake sa kafireta biyu manya, a canza salansa, a ƙara matsin da ke cikin silinda. Idan matsin ya yi yawa, fetur ɗin gidan mai ba ya isa, sai an sayi na tsere mai tsada. Wasu sukan cire na'urar cajin batir ɗungurungum, su sa faifan juyi marar nauyi don inji ya tashi da sauri. Sakamakon haka batir ne kaɗai ke ba buji wuta, kuma dole a yi masa caji bayan kowane fita. Wanda ya manta zai tsaya cak a tsakiyar tafki.

Kafin a ɗora inji, makanikai sukan toshe duk ƙofofinsa su hura masa iska, su zuba ido ga ma'auni. Idan matsin ya sauka, akwai inda iska ke shiga. Inji mai bugu biyu da ke shan iska ta ɓarauniyar hanya yana samun mai kaɗan, ya yi zafi, fistan ya liƙe a jikin silinda. Wannan gwaji na ƴan mintuna shi ne ke raba injin da zai yi kaka guda yana aiki da wanda zai mutu a ranar farko.

Famfo shi ne taya, shi ne sitiyari

Babur ɗin ruwa ba shi da farfela a waje. Yana zuƙar ruwa ta ƙasa, wata farfela da ke cikin bututu ta tura shi baya da ƙarfi. Bakin bututun ne ke juyawa dama da hagu idan an murɗa sitiyari. Wannan ne ya sa idan aka saki totur, babur ɗin ba ya yin kwana, abin da ke jefa sababbin matuƙa cikin karo.

Faɗin famfon SuperJet milimita 144 ne. Masu gwaninta sukan sa mai 148 ko 155, wasu ma fiye, don ya kama ruwa mai yawa tun daga tsaye. Dole girman famfo da lanƙwasar farfela su dace da ƙarfin inji. Babban famfo a kan ƙaramin inji yana danne shi, ƙarami a kan babban inji kuma sai farfela ta riƙa juyawa a banza cikin kumfa. Akwai kuma wani hannu a kan sitiyari, kamar hannun birkin babur, wanda ke jan waya ta ɗaga bakin bututun sama. Idan ruwan ya fita yana kallon sama, bayan babur ɗin ya nutsa, kansa ya ɗaga. Da wannan hannu, da totur, da jan sandar sitiyari ake yin alkafura a kan ruwan da ba shi da igiya.

Aikin da ya fi cin rai shi ne daidaita inji da sandar da ke juya farfela. Ana cusa siraran faranti a ƙarƙashin ƙafafun inji, a auna, a kwance, a sake aunawa, har su miƙe a layi ɗaya. Karkacewar da ido ba ya gani ta isa ta cinye boris ta kawo girgiza.

Iska ta shiga, ruwa ya tsaya

Inji na bukatar iska, amma babur ɗin da ke kifewa da nutsewa da gangan duk ƙofar da iska ta bi ruwa ma zai bi. Ana shirya murfin inji da bututai masu kwana-kwana da ke raba ruwa da iska. A ƙasa ana sa ƙananan famfunan lantarki, galibi biyu, masu fitar da ruwan da ya shiga, wasu su ƙara da ƙofa mai buɗewa waje kawai.

Duk da haka ruwa kan kai cikin silinda. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, don haka idan fistan ya buge shi da ƙarfi sandarsa na iya lanƙwashewa. Abin da ake yi shi ne a fito da babur ɗin, a cire buji, a juya inji har ruwan ya fita, a tada shi ba tare da ɓata lokaci ba. Idan aka bar shi ya kwana, musamman da ruwan gishiri, tsatsa ta kama boris ɗin ciki.

Haɗarin da ya fi wannan shi ne tururin fetur. Ɗakin inji a rufe yake, tiyo ɗaya mai yoyo da tartsatsi ɗaya sun isa su fasa murfin. Shi ya sa ake buɗe murfi a sha iska kafin tayarwar farko ta kowace rana. Akwai kuma igiyar da ake ɗaurawa a hannu ko a riga, mai kashe inji da zarar mutum ya faɗi. Rigar hana nutsewa wajibi ce a gasa, kuma masu koyon alkafura sukan sa hular kwano, domin wanda ya tsaya a rabin juyi babur mai kilo kusan 100 ne zai sauko a kansa. Ramukan ƙafa ma suna da nasu: idan sun matse da yawa, ƙafa ba ta fita a lokacin faɗuwa, idon sawu ko gwiwa ne ke biya.

Kuɗi da doka

Sabon babur na gasa da aka haɗa da kabon da babban inji kan kai kuɗin sabuwar mota. Shi ya sa yawancin matasa a Amurka, Turai da Ostareliya ke farawa da tsohon SuperJet na hannu, su sa ramukan ƙafa da famfon fitar da ruwa, su koyi tuƙi, sannan su riƙa canza kaya ɗaya-ɗaya gwargwadon aljihu. A ƙasashen Larabawa na yankin Gulf kuwa ƙungiyoyin wasannin ruwa ne ke ɗaukar nauyi. Rashed Al Mulla na ƙungiyar Abu Dhabi ya lashe kambun duniya na gwaninta a gasar Aquabike ta hukumar UIM sau da dama, kuma birnin Sharjah na cikin wuraren da aka yi zagayen gasar.

Dokokin muhalli suna ƙara matse wasan. Tsohon inji mai bugu biyu yana fitar da wani kaso na mansa ba tare da ya ƙone ba, kai tsaye cikin ruwa. Tafkin Tahoe da ke tsakanin jihohin Kalifoniya da Nevada ya haramta irin waɗannan injuna masu kafireta tun 1999. A 2013 tafkunan Mead da Powell suka hana baburan ruwan da ba su cika ƙa'idar hayaƙi ta 2006 ba. Yamaha ya yi shekaru da dama yana sayar da SuperJet mai bugu biyu a Amurka a matsayin na gasa kawai.

Manyan kamfanonin sun riga sun juya. Kawasaki ya daina ƙera SX-R 800 bayan 2011, ya dawo a 2017 da mai bugu huɗu, cc 1498, nauyin kilo kusan 250. Yamaha ya bi sahu a samfurin 2021 da inji mai silinda uku, cc 1049, nauyi kilo 170. Sun fi tsabta, sun fi gudu, sun fi ƙarko, amma sun yi wa alkafura a kan tafki nauyi. Wanda ke son minti biyunsa a Lake Havasu yanzu ya dogara ne ga ƙananan masu ƙira, da tsofaffin injunan 701 da ke yawo daga hannu zuwa hannu, da haƙurin zama a gareji yana cusa faranti a ƙarƙashin inji har layi ya miƙe.