A DAINA ARON TSINKEN KWALLI

Edita,

Ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in ja hankalin iyayenmu mata da 'yan uwana 'yan tireda game da kwalli da gazal.

Kwanan baya aka yi biki a garinmu, tandu ɗaya ya zagaya 'yan mata sun fi goma. Kafin mako ya zagayo, 'yata da ƙawayenta huɗu idonsu ya yi jajir, kwantsa ta liƙe shi. Da na kai ta asibiti, malamin ya ce ciwon Afolo ne, kuma tsinken kwalli yana ɗaukar ƙwayar cutar daga wannan ido ya kai wa wancan. Ya ce har yawun da ake lasa wa tsinke ƙwayoyin cuta ne da shi. Kuɗin buhun gero guda ya tafi a magani da mota.

Ban da wannan, yawancin kwallin dutse akwai dalma a cikinsa. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da labarin wani jaririn 'yan Nijeriya da aka sami dalma a jininsa. Da aka auna kwallin da ake sa masa, sai aka ga fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Mu da muka ga yadda dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, ai ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Ni ma ina sayar da gazal, kuma na san halinmu. Kaya su wuni a rana, mai saye ta buɗe ta gwada a idonta ta mayar, mu sayar wa wata. Wallahi alhaki ne.

Don haka kowace mace ta riƙe tsinkenta. Wadda ta yi ciwon ido ta zubar da tsohon kwallinta. A daina sa wa jarirai. Mu 'yan kasuwa mu duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa kafin mu saro. Ita kuma hukumar, wadda aka kafa tun 1993, muna roƙonta ta riƙa leƙo kasuwannin ƙauye tana ɗiban kaya tana aunawa, don ido ba shi da sauyi.

Allah Ya sa mu gyara, amin.

Naku,
Wani manomi ɗan tireda,
Jihar Katsina.