Ɗamarar da ke leƙa huhu a bakin gado

Duk wanda ya taɓa jinya a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda mutanen Gyadi-Gyadi da Tarauni ke kira Asibitin Malam, ya san ɗan abin nan da ake maƙala wa majinyaci a yatsa. Idan ya nuna 97, hankalin kowa ya kwanta. Ya gangaro 85, ma'aikatan jinya su hau kai-komo. Sai dai iyakar wannan lamba ta ce oksijin ya yi ƙasa a jini, ba ta faɗin dalili.

Aikin huhu shi ne haɗa iska da jini. Zuciya tana tura kimanin lita 5 na jini ta cikinsa kowane minti, ya gifta ta jikin ƙananan buhunan iska sama da miliyan 300. Wani sashe kan samu iska amma gudan jini ya toshe masa jijiya. Wani kuma jini na wucewa, amma ruwa ya cika shi. Maganinsu daban ne. Korona, da aka tabbatar da ɓullarta a Kano ranar 11 ga Afrilu, 2020, ta sha haɗa wa mutum ɗaya duka biyun.

Hoton CT yana rarrabewa, amma dole a tura gado zuwa ɗakin hoto. Ga wanda ke kan na'urar ECMO, wannan tafiya kasada ce. Ita ECMO huhun aro ce: bututu mai kaurin yatsa yana zuƙo jini daga babbar jijiyar matsematsi, na'ura ta cire gurɓatacciyar iska ta zuba oksijin, ta mayar. A 1971 aka fara ceto baligi da ita a Amurka, a 1975 kuma Dakta Robert Bartlett ya ceci jaririya. Bututun nan idan ya zame a hanya, jini zai kwarara lita-lita.

Shi ya sa likitoci suka koma ga wata dabara da David Barber da Brian Brown suka ɓullo da ita a Sheffield ta Ingila a farkon shekarun 1980, wadda ake kira EIT. Ɗamara ce ta roba mai maɓallai 16 ko 32, a ɗaura wa majinyaci a ƙirji. Tana sakin lantarki kaɗan da ba a jin sa. Iska na tare lantarki, ruwan gishiri kuwa na ba shi hanya. Don haka sai a tsayar da numfashi na 'yan daƙiƙu, a tura kamar mililita 10 na ruwan gishiri mai ƙarfi ta jijiyar wuya, likita ya zuba ido a allo yana kallon inda ya bi da inda ya kasa shiga. Inda gishirin ya kai, jini na kaiwa. Kamfanin Dräger na Jamus ya fito da irin wannan na'ura, PulmoVista 500, a 2011.

Tana da gazawa: hotonta dishi-dishi ne, yanki ɗaya na ƙirji take nunawa, kuma ECMO kan iya zuƙe wani ɓangare na gishirin, abin da masu bincike ke kan nazari.

ECMO na cin kuɗi, da jini, da ƙwararru dare da rana, da wutar da ba ta ƙiftawa. Ɗamarar ba ta neman duk wannan, kuma tana yi wa wanda ke kan na'urar numfashi ta yau da kullum aiki: tana nuna ko ƙarfin iskar ya yi yawa, ko kifa shi rub da ciki ya buɗe bayan huhu. Asibitin Malam, da aka kafa a 1988, ya fara dashen ƙoda a 2002, marasa lafiya kuma na zuwa masa daga Jigawa, Katsina har Nijar. Idan aka tashi sayo wa ɗakunan kulawa ta musamman na Kano kayan aiki, ya kamata ɗamarar ta shiga lissafi, tare da horar da masu karanta hotonta.