Yadda Saƙo Ke Isa Inda Babu Sabis

Sanin kowa ne cewa wayar hannu ba ta aika saƙo sai da turken sadarwa a kusa. To, ina dabara idan ambaliya ta kayar da turken, ko kuwa ƙauye ya yi nisa da shi? Masana sun tsara hanyar da suke kira sadarwa mai jure jinkiri. Wayar mai saƙo takan ajiye shi, in ta kusanci wata sai ta miƙa mata ta Bluetooth ko Wi-Fi, ita kuma ta tafi da shi a aljihun mai ita, har ya sadu da wanda aka nufa. An gwada irin wannan a lardin Ratanakiri na ƙasar Kambodiya a 2003, inda babura masu ɗauke da na'ura suka riƙa zagaya makarantun ƙauye suna kwasar wasiƙun imel zuwa gari.

Wa za a ba saƙon?

In aka ba duk wanda aka gamu da shi, zai yi saurin isa, amma wayoyi za su cika, batur kuma ya ƙare. Saboda haka a 2008 masu bincike na Jami'ar Kambirij a Ingila suka fito da tsarin Bubble Rap, watau a miƙa saƙo ga wanda ya fi cuɗanya da jama'a, har ya faɗa hannun wani daga cikin mutanen mai karɓa.

In wani yanki ya ɓace fa?

Saƙo mai yawa akan rarraba shi yanki-yanki, rashin guda kuwa na iya ɓata sauran. Maganin wannan shi ne gauraya yankunan ta hanyar lissafi, dabarar da Ahlswede da abokan aikinsa uku suka bayyana a 2000. Ga misali: a ce yankunan su ne 5 da 3. Ɗan aike na farko ya ɗauki 5, na biyu 3, na uku kuma jimlarsu, watau 8. Duk biyun da suka iso sun wadatar, domin in an sami 8 da 5, ai 3 ta fito.

Sai dai jama'a su lura, saƙo na iya yin sa'o'i ko kwanaki a hanya, don haka ba a hira da murya ta nan. Lalle ne kuma a kulle shi da lambar sirri, tun da yake ta hannun baƙi zai bi.