Yadda matan Agye, Gazawa da Gidan Rumji suka kai ga akwatin zaɓe

A zaɓukan da aka yi a Nijar cikin shekarun baya, duk wanda ya leƙa rumfunan zaɓe a Agye, Gazawa, Tibiri ko Gidan Rumji ya san layin mata kan yi tsawo tun da sassafe, wasu da goyo, wasu sun jingine surfe sai sun dawo. Abin ya zama jiki, har matasa na ɗauka ko da can haka yake. Alhali kakannin waɗannan mata sun girma ne a zamanin da doka ta tare masu hanya sau biyu: na farko don su baƙar fata ne da ke ƙarƙashin mulkin mallaka, na biyu don su mata ne. Sai da aka kawar da shingen launi da na jinsi, ɗaya bayan ɗaya, kafin ƙuri'a ta iso hannunsu.

Zamanin da mutum bai da bakin magana

Kafin 1946 Faransa ta kasa mutanen ƙasashen da take mulka gida biyu. Akwai cikakkun ƴan ƙasa, wato Turawa da wasu ƴan tsirarun Afirka, akwai kuma talakawan mallaka, waɗanda su ne kusan kowa da kowa. A lokacin ƙasar Agye da Gazawa na bin Tasawa, Tibiri da Gidan Rumji kuma na bin Maradi. Kumandan na da ikon tsare mutum har kwana 15 ko ya ci shi tara ba tare da an je gaban alƙali ba. Ga lanho, ga aikin tilas na gyaran hanya da ɗaukar kaya. Namiji ma bai da ƙuri'a, balle mace.

Wannan bai nufin mata ba su san sarauta ba a ƙasar. A Tibiri akwai Inna ta Gobir, a Maradi akwai Iya, kuma dukansu masu faɗa a ji ne a fada da cikin sha'anin mata. Sai dai Turawa da sarakuna maza suka ƙulla hulɗarsu, ikon waɗannan mata ya yi ta raguwa.

Su kansu matan Faransa sai ranar 21 ga Afrilu 1944 aka ba su haƙƙin zaɓe, suka fara kaɗa ƙuri'a a 1945. Nan take maganar launi ta taso. A garuruwa huɗu na Senegal, wato Dakar, Saint-Louis, Gorée da Rufisque, mazauna na da matsayin ƴan ƙasar Faransa, amma aka fitar da doka a farkon 1945 cewa matan Turawa za su yi zaɓe ban da baƙaƙen mata. Matan Dakar da Saint-Louis suka yi ta taruka na nuna ƙin yarda, lauya Lamine Guèye ya kai kukansu Paris, kuma cikin ƴan watanni aka janye dokar.

Akwati biyu a ƙasa ɗaya

Shekarar 1946 ta zo da sauyi babba. An soke hukuncin kumandan na ba shari'a. Dokar 11 ga Afrilu, mai ɗauke da sunan Houphouët-Boigny, ta haramta aikin tilas. Dokar 7 ga Mayu, mai sunan Lamine Guèye, ta ce duk mutanen ƙasashen mallaka sun zama ƴan ƙasa. A cikin watan Mayun ne kuma aka kafa jam'iyyar PPN a Yamai.

Da aka zo zaɓen majalisar ƙasar Nijar kuwa, sai aka raba masu zaɓe rukuni biyu. Rukunin farko na Turawa ne da masu matsayi irin nasu, aka ba su kujeru 10. Rukuni na biyu na sauran jama'ar ƙasa ne baki ɗaya, aka ba su kujeru 20. Ke nan Turawa ƙalilan da ke zaune a Yamai, Damagaram da Maradi sun riƙe kashi ɗaya cikin uku na majalisa. A 1952 an ƙara kujerun zuwa 50, rabon ya koma 15 da 35.

Ko a rukuni na biyun ma ba kowa ke shiga ba. Sai sarakuna da manyan gari, ma'aikatan gwamnati, tsofaffin sojoji, ƴan kasuwa masu takardar fatauci, masu lasin tuƙi ko na farauta, daga baya aka ƙara waɗanda suka iya karatu da Faransanci ko Larabci. Dokar ba ta fito fili ta hana mata ba. Amma mace nawa ce a Gangara ko Cadakori ke da lasin tuƙi a 1946? Sharuɗɗan kaɗai sun isa su bar mata a gida.

A ranar 23 ga Mayu 1951 aka ɗan buɗe ƙofa. Sabuwar doka ta shigar da masu gida da ke biyan lanho, ta kuma shigar da uwar da ke da ƴaƴa biyu, rayayyu ko waɗanda suka mutu a yaƙin Faransa. Da haihuwa ke nan aka auna cancantar mace. Wadda Allah bai ba haihuwa ba, da wadda cuta ta ɗauke wa ƴaƴa, kamar yadda ake yawan gani a ƙauyukan lokacin, duk suna waje.

1956: kowa da ƙuri'a ɗaya

Shingen biyu sun faɗi rana ɗaya. Dokar 23 ga Yuni 1956, wadda ministan ƙasashen ƙetare Gaston Defferre ya gabatar, ta ba kowane namiji da kowace mace mai shekara 21 haƙƙin zaɓe, ta kuma haɗe akwatin Bature da na baƙin mutum. An gwada tsarin a faɗin ƙasa ranar 31 ga Maris 1957. Ɓangaren Djibo Bakary, wanda jama'a suka sani da Sawaba, ya ci kujeru 41 cikin 60. Sawaba na da ƙarfi a Maradi, Tasawa da Damagaram, tsakanin ƙananan ƴan kasuwa, direbobi, masu sana'ar hannu da matan kasuwa, a daidai lokacin da cinikin gyaɗa ke kawo kuɗi da baƙi cikin yankin. Mata sun sake kaɗa ƙuri'a a zaɓen raba gardama na 28 ga Satumba 1958, wanda "i" ta yi rinjaye a cikinsa.

A nan ne iyaka ta nuna bambancinta. Matar da ke Gazawa ta samu ƙuri'a a 1957, ƴar uwarta da aure ya kai ƙasar Katsina ko Daura kuwa ta yi jiran kusan shekara 20. A arewacin Najeriya jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano ce ta tsaya kan a ba mata zaɓe, kuma Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri da duka sau da dama a kan wannan magana. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 matan arewa suka fara zaɓe, tsarin mulkin 1979 ya tabbatar masu da shi.

A wasu ƙasashen ma launi ne ya jinkirta baƙar mace. Amurka ta ba mata zaɓe a 1920, amma baƙaƙen mata na kudancin ƙasar ba su samu sukunin yinsa ba sai bayan dokar 1965. A Afirka ta Kudu fararen mata sun samu a 1930, baƙaƙe maza da mata sai 1994.

Daga ƙuri'a zuwa kujera

Samun katin zaɓe bai kai mace majalisa ba. An haramta Sawaba a 1959, bayan ƴancin kai na 3 ga Agusta 1960 kuma jam'iyyar PPN-RDA kaɗai ta rage a fili. Mata na fitowa zaɓe, su yi guɗa a wurin tarbar manya, amma babu ko ɗaya a majalisar dokoki. Juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974 ya dakatar da zaɓe gaba ɗaya. Sai a 1987 aka naɗa mace ta farko cikin gwamnati, Moumouni Aïssata, kuma sai a Disamba 1989 mata biyar suka shiga majalisa mai kujeru 93. Shekara 33 ke nan bayan dokar 1956.

Da aka kafa kwamitin share fagen babban taron ƙasa a 1991, mace ɗaya tak aka saka cikin mutum 68. Ranar 13 ga Mayu dubban mata suka yi tattaki a Yamai har ofishin firaminista, aka ƙara masu kujeru biyar. Wannan rana ce ake bikinta kowace shekara a matsayin ranar matan Nijar.

Duk da haka, a zaɓen 1999 mace ɗaya ce ta ci cikin ƴan majalisa 83. Shi ya sa aka yi dokar kota ta 7 ga Yuni 2000, wadda ta wajabta a ba kowane jinsi aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe da kashi 25 na manyan muƙaman naɗi. A zaɓen 2004 mata 14 suka shiga majalisa mai kujeru 113. An ɗaga kason zaɓe zuwa kashi 15 a 2014, sannan zuwa kashi 25 a 2019, na naɗi kuma ya koma kashi 30. A 2011 Mariama Bayard Gamatié ta zama mace ta farko da ta nemi shugabancin ƙasa.

Gudummawar jihar Maradi

Dokar ta fi taɓa karkara ne a zaɓen ƙananan hukumomi na Yulin 2004, lokacin da garuruwa irin su Gangara, Cadakori, Gidan Sori da Sae Sabuwa suka zaɓi kansilolinsu. Dole kowace jam'iyya ta nemo matan da za ta saka a jerin ƴan takara, kuma da yawa ta same su a ƙungiyoyin Mata Masu Dubara. Wannan tsari na asusu da rance an fara shi ne a jihar Maradi a 1991 da tallafin ƙungiyar CARE, ya kuma bazu zuwa ƙasashe da dama. Matar da ta saba riƙe akwatin kuɗin ƙungiya, ta yi lissafi a gaban ƴan uwanta kowane mako, ba ta jin nauyin tashi ta yi magana kan rijiya, injin niƙa ko ɗakin haihuwa a zauren ƙaramar hukuma.

Matsalolin da suka rage sanannu ne a yankin. Mata da yawa ba su da takardar haihuwa, alhali da ita ake samun katin ɗan ƙasa da rajistar zaɓe cikin sauƙi. Auren wuri na fitar da yara mata daga makaranta, kuma aikin majalisa da Faransanci ake rubuta shi. Akwai gidajen da har yanzu mai gida ke faɗa wa matansa wanda za su zaɓa. Jam'iyyu kuma, a zaɓukan da aka yi a baya, kan cika kason don kada a yi watsi da jerinsu, sannan kujerar magajin gari ta koma hannun namiji.

Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rushe majalisar dokoki, a Afrilun 2024 kuma aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, aka maye gurbinsu da naɗaɗɗun shugabanni. Duk ranar da aka zauna rubuta sabbin dokokin zaɓe, abin da matan Agye, Gazawa da Gidan Rumji za su duba shi ne mata nawa ke cikin kwamitin, kamar yadda aka duba a 1991, da kuma ko kashi 25 ɗin na nan yadda aka bar shi.