Daga Ƙofar Mata zuwa London: Yadda mazauna ƙetare ke neman suturar da za ta shige su

Ga mutumin da ya tashi a birnin Kano, ƙiba ko tsayi ba su cika zama cikas ba wajen samun sutura. Yadi ake yanka, tela ya gwada mutum, ya ɗinka masa daidai jikinsa.

To amma da zarar karatu ko aiki ko aure ya kai shi wata ƙasa, kamar Birtaniya ko Amurka ko Sin, sai ya tarar da wani tsari na daban, inda ake ɗinka tufafi a masana'antu bisa lambobi, shi kuma ya nemi lambar da ta dace da shi.

Masu babban jiki, musamman mata, su ne suka fi jin jiki a wannan tsari.

Lamba ɗaya, ma'ana daban-daban

Matsala ta farko ita ce ƙasashen ba su haɗu a kan ma'auni guda ba. Rigar mata mai lamba 16 a Birtaniya, galibi ita ce mai lamba 12 a Amurka, yayin da a Faransa ake kiranta 44.

A kasuwannin birnin Guangzhou na ƙasar Sin kuwa, inda fataken Kano suka daɗe suna sarin kaya, tufafin da ake ɗinka wa 'yan ƙasar sun fi na Turai ƙanƙanta, ko da kuwa alamar da ke jikin wuyan rigar iri ɗaya ce.

Hatta kantunan da suka keɓanta da masu babban jiki ma ba ko'ina ake samunsu ba. A Birtaniya, kamfanin Evans, wanda ya fara wannan sana'a tun a 1930, ya rufe kantunansa bayan durƙushewar uwar kamfanin, Arcadia, a ƙarshen shekarar 2020, inda cinikin ya koma ta intanet.

Ga mace Musulma kuma akwai ƙarin sharaɗi. Ba shiga kawai take nema rigar ta yi ba, tana son ta kasance mai yalwa, mai dogon hannu, wadda ba ta bayyana surar jiki. Samun rigar da ta haɗa duk waɗannan abu ne mai wuya.

Suturar da ba ta san lamba ba

Wannan ne ya sa da yawa daga cikin Hausawa mazauna ƙetare ke waiwayar gida.

Suturar Bahaushe dai tun asali an gina ta ne a kan yalwa. Zani ɗaura shi ake yi, don haka turmin atamfa mai yadi 6 kan wadatar da siririya da mai ƙiba. Babbar riga da 'yar ciki da wando kuwa sukan ci shadda kusan yadi 10.

Yadda akan yi shi ne, mutum ya auna kansa, ya aika wa 'yan uwa ma'aunin ta WhatsApp, su sayi yadi a Kantin Kwari, su kai wa tela. Wasu kan bar tsohuwar rigarsu a gida domin tela ya riƙa gwaji da ita.

Masu son kayan gargajiya kuma sukan sa a biya musu marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa.

A nan, marina na haɗa baba da toka da ruwa a cikin ramuka masu zurfi, su bar haɗin ya yi kwanaki yana nuna, kafin su riƙa tsoma yadi suna ɗaga shi ya sha iska har ya kama shuɗi. Mata ne a cikin gidaje ke ƙulla zanen da ke fitowa a jikin yadin, sannan mabuga su buge shi ya yi sheƙi.

Fitar da tufafin Kano zuwa nesa ba sabon abu ba ne. Bajamushen matafiyin nan, Heinrich Barth, wanda ya ziyarci birnin a 1851, ya ba da labarin yadda ake kai su har Timbuktu da Tarabulus.

Abin lura a yau shi ne, wani ɓangare na yadin daga Turai yake zuwa. Shaddar Getzner a Austriya ake saƙa ta, atamfar Vlisco kuma a Holland ake buga mata zane. Sai sun zo Kano an ɗinka su, sannan su sake komawa Turai cikin akwatin matafiyi.

Tsada da dokokin shigar da kaya

Sai dai hanyar ba ta rasa nata ƙalubalen.

Bayan da gwamnatin Najeriya ta sakar wa naira mara a watan Yunin 2023, dala ɗaya ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin hukuma zuwa fiye da 1,500 a 2024. Hakan ya sauƙaƙa kuɗin ɗinki ga mai samun albashi da fam ko dala, amma ya ninka farashin yadin da ake shigowa da shi.

Amurka kuma, daga ranar 29 ga watan Agustan 2025, ta soke sassaucin da ke bai wa ƙunshin kayan da bai wuce dala 800 ba damar shiga ƙasar ba tare da haraji ba.

Kayan abinci, waɗanda akan cusa a gefen tufafi, sun fi fuskantar tsauraran dokoki. Birtaniya ba ta yarda matafiyi daga Najeriya ya shiga da nama ko kayan madara ba, abin da ya shafi kilishi da dambun nama da man shanu. A 2015 ma Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa.

A unguwanni irin su Peckham da ke London akwai kantunan 'yan Afirka, ko da yake kayan kudancin Najeriya sun fi yawa a cikinsu.

Ga marinar Ƙofar Mata, wadda ramukanta da dama suka daina aiki sakamakon gogayya da yadi mai rahusa daga Asiya, kowane saƙo daga ƙetare kasuwa ce. Ga mai saƙon kuma, abin da ya fi muhimmanci shi ne ya aika da ma'auninsa da wuri, domin da azumi ya kama, telolin Kano da yawa kan daina karɓar ɗinkin Sallah.